Ƙwayar da Ta Zama Kishiyar Kanta

Kowane abu da ɗan Adam ya sani yana da iyakar sanyin da zai jure kafin ya sandare. Ruwa kan zama ƙanƙara, iskar da ake shaƙa ma idan sanyi ya matsa mata sai ta zama ruwa, daga nan ta daskare. Hiliyam ne kaɗai ya ƙi. Ko an kai shi dab da ƙarshen sanyi, wato digiri 273.15 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, inda ma'aunin Kelbin ke farawa, yana nan a ruwansa muddin ba a danne shi da matsin da ya ninka na iskar duniya sau 25 ko fiye ba. Ƙwayoyin zarrarsa ba su da nauyi, ba sa riƙon juna da ƙarfi, kuma dokar kwantam ta hana kowace ƙwaya tsayawa cik. Wannan 'yar makyarkyata da ba ta mutuwa ta isa ta hana su jeruwa sahu-sahu kamar yadda ƙwayoyin daskararren abu ke yi.

Heike Kamerlingh Onnes ne ya fara mayar da iskar hiliyam ruwa a birnin Leiden na ƙasar Holan, a watan Yulin 1908, a digiri 4.2 na Kelbin. Shekara 30 bayan haka, Pyotr Kapitsa a Masko, da John Allen da Don Misener a Kambirij, suka nuna cewa idan aka sauko ƙasa da digiri 2.17, ruwan kan rabu da tirjiya gaba ɗaya. Yakan ratsa ta kafar da ko iska ba ta bi da sauƙi, yakan hau bangon mazubinsa ya ɗiga ta waje. Wannan labarin hiliyam-4 ne, kuma an daɗe ana ba da shi. Na ƙaninsa, hiliyam-3, shi ne ya fi wuyar sha'ani.

Bambancin da ke tsakaninsu niyutaron ɗaya ne tak. Cibiyar hiliyam-4 tana da furoton biyu da niyutaron biyu, ta hiliyam-3 kuwa furoton biyu da niyutaron ɗaya. A idon mai ilmin haɗa sinadarai duk abu ɗaya ne, amma a idon kwantam jinsi biyu ne da ba sa ga-maciji. Hiliyam-4 na cikin dangin da ake kira boson, masu son cunkusuwa a hali guda, kuma wannan cunkoson ne asalin rashin tirjiyarsa. Hiliyam-3 na cikin dangin famiyon, dangin ilektiron, waɗanda biyu ba sa taɓa zama a hali guda: kowa da ɗakinsa. Shi ma samunsa aiki ne, domin kusan duk wanda ake amfani da shi a ɗakunan bincike daga lalacewar tiritiyam yake fitowa, sinadarin da ake tanada saboda makaman nukiliya, wanda rabinsa ke rikiɗewa duk shekara 12 da 'yan watanni.

A 1957 John Bardeen da Leon Cooper da Robert Schrieffer suka bayyana yadda ilektiron, duk da kasancewarsu famiyon, ke gudana cikin wasu ƙarafa ba tare da tirjiya ba. Sukan haɗu biyu-biyu, kuma ma'auratan sai su riƙa ɗabi'a irin ta boson. Nan da nan masana suka ce ashe hiliyam-3 ma zai iya. Sai dai a wane sanyi? Aka yi ta hasashe, masu gwaji suna sauka suna tarar da wayam, masu lissafi suna sake rage adadin, har wasu suka fara cire rai.

Waɗanda suka dace da shi a ƙarshe ba shi suke nema ba. A ƙarshen 1971, a Jami'ar Cornell ta Amurka, wani ɗalibi mai neman digiri na uku, Douglas Osheroff, yana aiki a ƙarƙashin David Lee da Robert Richardson da wata dabarar sanyaya da Isaak Pomeranchuk na Rasha ya kawo shawararta tun 1950. Ƙasa da digiri 0.3 na Kelbin hiliyam-3 yana da wata baƙuwar ɗabi'a: ruwansa ya fi daskararrensa tsari, saboda haka idan aka matse shi har wani sashe ya daskare, sanyi yake ƙarawa. Osheroff na bin layin da ke nuna matsin sai ya ga 'yan karkacewa biyu, ya laƙaba musu A da B. Da farko sun ɗauka a cikin daskararren ne abin ke faruwa, haka ma suka wallafa. Sai a watan Afrilun 1972, da suka auna amsar maganaɗisun cibiyoyin ƙwayoyin wuri-wuri, suka gane cewa ruwan ne ke sauya hali. Sanyin kuwa kusan kashi biyu da rabi cikin dubu na digiri ɗaya ne. Su ukun sun karɓi lambar yabo ta Nobel a 1996. Anthony Leggett, wanda ya warware ma'anar abin da suka auna yana Jami'ar Sussex, ya karɓi tasa a 2003.

Abin da Leggett ya fayyace shi ne auren hiliyam-3 ba irin na ilektiron a cikin dalma ko alminiyam ba ne. A waɗannan ƙarafa ma'auratan ba su da fuska, ta ko'ina aka dube su ɗaya suke, kamar ƙwallo. Ƙwayoyin hiliyam-3 kuwa suna ƙin kusantar juna sosai, don haka sai su yi auren nesa-nesa, suna kewaya juna, kuma 'yan maganaɗisun cibiyoyinsu suna haɗuwa ba tare da sun kashe juna ba. Ma'auratan ke nan suna da alƙibla iri biyu, ta kewaye da ta maganaɗisu. Lamba biyu ta isa a siffanta halin ma'auratan dalma, amma na hiliyam-3 sai da 18. Daga wannan yalwar aka sami hali fiye da ɗaya. A halin A duk ma'auratan suna kewayawa ta fuska guda, kamar an ce duk masu rawa a fili su juya ta dama. A halin B, wanda Roger Balian da Richard Werthamer suka riga suka lissafa a 1963 suna tunanin ƙarafa, alƙiblar maganaɗisun kowace ƙwaya ɗaure take da alƙiblar tafiyarta, ta yadda idan aka haɗa jimla babu wata fuska da aka fifita.

Halin B yana da wata siffa da sauran bayanin ya dogara a kanta. Raba ma'aurata yana buƙatar kuzari na wani ƙayyadadden adadi, kuma ƙasa da wannan adadin babu abin da zai iya motsi shi kaɗai a cikin ruwan. Wannan shi ne giɓin kuzari, kuma a halin B faɗinsa ɗaya ne ta kowace fuska. Idan sanyi ya kai kashi ɗaya ko biyu cikin dubu goma na digiri, zafin da ya rage bai isa ya raba kusan kowa ba. Cikin ruwan ya zama tamkar fanko, abu na iya wucewa ta ciki bai ci karo da komai ba. Ga shi kuma babu datti ko kaɗan, domin a wannan sanyin duk wani baƙon sinadari ya daɗe da daskarewa a jikin bango. Babu wani ƙarfe ko dutsen da hannun mutum ya tace da ya kama ƙafar wannan tsarkin.

Sai dai ruwa ba ya zama babu mazubi, kuma a bakin bangon mazubin lissafin ke canzawa.

A ɗauki ƙwaya guda marar abokin aure tana dab da bango. Ta bugi bangon ta dawo, ta nufi cikin ruwan. Kuzarinta bai kai na giɓin ba, don haka ba ta da izinin shiga ita kaɗai. Abin da ke faruwa Alexander Andreev ne ya gano shi a 1964: ƙwayar takan janyo wata daga cikin taron su shige a matsayin ma'aurata, a bar gurbin wadda aka janyo. Gurbin nan ba rashi ba ne kawai, yana tafiya kamar ƙwaya, kuma yana bin sawun ta farkon da baya har ya koma bango. Ya bugi bangon, ya sake nufar ciki, a can kuma ma'aurata su rabu, ɗaya ta cike gurbin, ɗayar ta fito a matsayin ƙwaya. Haka za a yi ta yi, ƙwaya ta zama gurbi, gurbi ya zama ƙwaya, tsakanin bango a baya da rufaffiyar ƙofa a gaba. A ƙarfe irin dalma wannan kai-komon ba ya haifar da sabon abu, domin ma'auratan ba su damu da alƙibla ba. A hiliyam-3 kuwa bugun bango yana juya alƙiblar tafiya, kuma juyin yana sauya alamar wani sashe na auren daga tarawa zuwa ɗebewa. Wannan sauyin alama shi ke ba ƙwayar damar zama daram a cikin giɓin da aka haramta wa kowa. Faɗin wurin da take zaune bai wuce nanomita 80 ko makamancin haka ba idan matsi ya yi ƙasa, wato abin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari biyar na kaurin gashin kai ba. Waɗannan su ne mazauna gefe. L. J. Buchholtz da Gertrud Zwicknagl sun lissafa su tun 1981.

Na tsawon shekaru an ɗauke su a matsayin ɗan ƙarin bayani, irin abin da ake ambata a ƙasan shafi. Abin da ya ɗaga darajarsu wani reshen lissafi ne, tofoloji, wanda ba ruwansa da tsawo ko faɗi ko kusurwa, sai abin da ba ya canzawa idan an lanƙwasa abu ko an miƙe shi ba tare da an yaga ba. Maginin tukwane zai iya mayar da curin yumɓu kasko ko akushi da matsawa kawai, amma ba zai mayar da shi awarwaro ba sai ya huda. Yawan huda lamba ce cikakkiya, babu huda ɗaya da rabi. A 1980 Klaus von Klitzing ya auna wata tirjiyar lantarki da ke hawa mataki-mataki da daidaito mai ban mamaki, kuma a 1982 David Thouless da abokansa suka nuna cewa matakan irin wannan lambar ce, ɓoye a cikin yadda halayen ilektiron ke murɗe da juna. Martti Salomaa da Grigory Volovik sun lura a 1988 cewa halin B ma yana ɗauke da tasa lambar. Da aka zo tsara jadawalin dukkan irin waɗannan abubuwa, aikin Andreas Schnyder da abokansa a 2008 da na Alexei Kitaev a 2009, sai aka tarar gida guda a jadawalin yana da mazaunin da babu gardama a kansa, kuma hiliyam-3 ne a halin B.

Yadda lambar ke tilasta wa gefe ya rayu abu ne mai sauƙin faɗi. A cikin ruwan lambar ba sifili ba ce, a waje kuwa, a bango ko a sarari, sifili ce. Lamba cikakkiya ba ta raguwa kaɗan-kaɗan, kuma muddin giɓin kuzari yana buɗe ba ta iya canzawa. Saboda haka a wani wuri tsakanin ciki da waje dole giɓin ya rufe, kuma inda ya rufe dole a sami abin da ke motsi da ƙaramin kuzari. Masu saƙar tabarma sun san makamancin haka: saƙar tsakiya ce ke hukunta cewa sai an yi baki, kuma duk inda aka yanke tabarmar, nan sabon baki zai bayyana. Ba a kankare mazauna gefe, domin ba gefen ne ya haife su ba. Wannan ne ake nufi idan an ce tofoloji ya ba su kariya, kuma kalmar kariyar nan ta sha ɗaukar kayan da suka fi ƙarfinta.

Akwai kuma abin da ya fi wannan jan hankali. A 1928 lissafin Paul Dirac ya nuna cewa ilektiron tana da kishiya, ƙwaya mai nauyi ɗaya da ita amma cajinta akasin nata, kuma idan suka haɗu dukansu sun hallaka. An ga kishiyar a 1932. A 1937 wani matashi ɗan Sisili, Ettore Majorana, ya nuna cewa lissafin ya yarda da wata ƙwaya marar caji wadda ita ce kishiyar kanta. A watan Maris na 1938 ya ɓace a tafiyar jirgin ruwa tsakanin Palermo da Napoli, ba a sake ganinsa ba. Har yau ana tona ramuka a ƙarƙashin duwatsu, irin na Gran Sasso a Italiya, ana neman a gane ko niyutirino irin ƙwayar tasa ce. Mazauna gefen halin B kuwa, tunda rayuwarsu duka kai-komo ce tsakanin zama ƙwaya da zama gurbi, rabi ƙwaya ne rabi gurbi. Kishiyar ƙwaya a cikin ruwan ita ce gurbi. Idan aka musanya su, abin da aka fara da shi za a sake samu. A bakin bango mai santsi, lissafin da ke bayyana su shi ne na Majorana, harafi da harafi.

Ya kamata a yi hattara a nan. Ba a ce an kama sabuwar ƙwayar asali a cikin kwalba ba. Ƙwayoyin hiliyam na nan yadda suke, abin da ke ɗabi'ar Majorana motsin taronsu ne, kamar yadda igiyar ruwa ke tafiya a kan tafki alhali ruwan bai bar wurinsa ba. Volovik, wanda ya raba rayuwarsa tsakanin Cibiyar Landau da ɗakin binciken sanyi na Helsinki, ya rubuta littafi guda a 2003 yana kafa hujjar cewa wannan bambancin bai kai girman da ake zato ba, cewa wataƙila ƙwayoyin da ake kira na asali ma motsin wani abu ne da ke ƙarƙashinsu. Ra'ayi ne mai daɗin ji, kuma ba kowa ya bi shi ba.

Ganin mazauna gefen shi ne jan aiki. Ba su da caji, don haka ba a sa musu waya a auna. Haske bai dame su ba, kuma duk abin da ya taɓa ruwan da ɗan zafi ya ɓata gwajin. Ƙungiyar Yuichi Okuda da Ryuji Nomura a Cibiyar Fasaha ta Tokiyo ta bi ta wata hanya. Suka tsoma ɗan faifan dutsen kwaz mai kaɗawa gefe da gefe sau miliyoyi a daƙiƙa, suka auna yadda ruwan da ke manne da shi ke karɓar kuzarin. A 2005 suka ga alamar da ba ta da bayani sai da halaye a cikin giɓin. A shekarar da ta biyo, ƙungiyar William Halperin a Jami'ar Northwestern ta ga sawunsu a yawan zafin da ruwan ke sha a kusa da garin azurfa.

Amma abin da aka gani bai yi kama da kyakkyawan zanen Majorana ba, kuma laifin na bango ne. Tsawon igiyar ƙwayar hiliyam-3 bai kai nanomita ɗaya ba, don haka duk bangon da mutum ya goge, komai sheƙinsa, a wurinta tudu da kwari ne. Maimakon ta dawo kamar haske daga madubi, sai ta warwatse ta kowace fuska. Maganin da aka samo yana da ban sha'awa don sauƙinsa: a zuba ɗan hiliyam-4 a ciki. Shi ya fi manne wa bango, sai ya kori ƙaninsa ya shimfiɗu a kai. Idan shimfiɗar ta yi kaurin ƙwayoyi kaɗan, samanta kan zama ruwa marar tirjiya, bangon ya koma madubi. Satoshi Murakawa da abokansa a Tokiyo sun yi haka a 2009 da 2011, kuma yayin da santsin ke ƙaruwa sakamakon ya riƙa karkata zuwa ga abin da lissafin Majorana ya faɗa. A cibiyar RIKEN kuma, Hiroki Ikegami da Kimitoshi Kono sun tura ilektiron ƙarƙashin fuskar ruwan, inda kowace ke zama cikin ɗan kumfa, kuma a 2013 suka nuna cewa a halin A kumfan na kauce wa hanya zuwa dama ko hagu gwargwadon fuskar da ma'auratan suka zaɓa.

Gwajin da ya fi tona asirin kalmar kariya an yi shi ne a Royal Holloway, wani sashe na Jami'ar Landan, a ƙungiyar John Saunders, tare da ta Jeevak Parpia a Cornell. Tunaninsu shi ne idan gefe ya yi ƙanƙanta a kan ciki, to a kawar da cikin. Suka sassaƙa ɗaki a jikin silikon da fasahar da ake yin ƙwaƙwalwar kwamfuta, ɗaki mai faɗi amma rufinsa dab da daɓensa. A 2013 suka nuna cewa matsatsin kaɗai yana sauya wanne hali ne zai yi rinjaye. A aikin da Petri Heikkinen ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2021, tsayin ɗakin nanomita 192 ne, kuma ruwan da ke ciki yana halin A. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka auna shi ne: a wane sanyi ruwan zai rabu da tirjiya, idan aka kwatanta da ruwan da ba a matse ba. Duk yadda bango ke raba ma'aurata, haka wannan sanyin ke ƙara nisa.

Sau uku suka sauya fuskar bangon ba tare da sun canza ɗakin ba. Da shimfiɗar hiliyam-4 mai kauri, bangon madubi, kusan babu wani bambanci da ruwan waje. Da shimfiɗa siririya wadda ta daskare, bango mai warwatsawa, sanyin ya yi nisa daidai gwargwadon da lissafi ya hango. Waɗannan biyun sun tabbatar da cewa na'urar da lissafin suna magana da harshe ɗaya, kuma wannan ne ya ba na ukun nauyi. A na ukun ba su sa hiliyam-4 ba sam. A irin wannan yanayi hiliyam-3 da kansa ne ke daskarewa a jikin bango, kaurin ƙwaya ɗaya ko biyu, kuma kowace daskararriyar ƙwaya ɗan maganaɗisu ce. Sai ɓarnar ta zarce wadda bango mai warwatsawa ke yi nesa ba kusa ba. Bayanin da suka gabatar shi ne ƙwayar da ta bugi bangon ba alƙiblar tafiyarta kaɗai ke canzawa ba, har da musayar maganaɗisu tsakaninta da daskararrun. Kalmar da suka sa a kan takardar tasu ita ce rauni.

Babu saɓani tsakanin wannan da tofoloji, sai dai ga wanda ya karanta alƙawarin da gaggawa. Lambar ta yi alƙawarin cewa za a sami mazauna gefe. Ba ta faɗi yawansu ba, ba ta faɗi yadda za su jeru ba, kuma ba ta hana wasu baƙi marasa alaƙa da ita su cika wurin ba. A halin B ma alƙawarin da sharaɗinsa: yana aiki ne muddin dokokin wurin ba su bambanta gaban lokaci da bayansa ba, wato idan aka ɗauki hoton motsin aka juya shi da baya, abin da za a gani halal ne. Maganaɗisu yana karya wannan sharaɗin. Suk Bum Chung da Shou-Cheng Zhang, da kuma Yasushi Nagato da abokansa a Hiroshima, sun lissafa a 2009 cewa ƙarfin maganaɗisu da ya fuskanci bangon kai tsaye yana buɗe giɓi a tsakanin mazauna gefen su kansu. Katanga ce mai ƙarfi, amma ƙofarta tana nan, kuma shimfiɗar da kaurinta bai wuce ƙwaya biyu ba na iya riƙe da mabuɗin.

A Jami'ar Lancaster, inda George Pickett da abokansa suka shafe shekaru suna gina na'urorin da ke cikin mafi sanyi a duniya, an zo wa mazauna gefen ta wata fuska. Lev Landau ya kafa iyakar gudun da abu zai yi cikin ruwa marar tirjiya kafin ya fara raba ma'aurata, kuma a halin B iyakar kusan milimita 27 ce a daƙiƙa. A 2016 suka ja waya ta cikin ruwan da gudun da ya zarce haka, bala'in da ake jira bai auku ba. Mazauna gefen da ke lulluɓe da wayar ne suka zame mata matashi. A 2023 Samuli Autti da abokansa suka nuna cewa kuzarin da aka zuba musu yakan bazu ta jikin wayar, a cikin wannan siririyar fatar, ba tare da ya shiga ruwan ba. Da mutum zai iya tsoma yatsa, cikin zai ji shi fanko, zafin yatsar kuma ya bi fatar da ta kewaye ta. Ruwa mai tsawo da faɗi da zurfi, amma abin da ke amsa taɓi shimfiɗa ce kawai.

Mai karatu na iya tambayar abin da ya sa ake kashe shekaru a kan ɗigon ruwan da ba zai taɓa shiga wayar kowa ba. Amsar tana wajen kuɗi masu yawa. A 2001 Kitaev ya nuna cewa wata siririyar waya marar tirjiya za ta iya ɗaukar halin Majorana guda a kowane bakinta, kuma bayanin da aka raba tsakanin bakin biyu hayaniyar wuri guda ba za ta goge shi ba. Babbar cutar kwamfutar kwantam ke nan, mantuwa, ga kuma magani a takarda. Kamfanin Microsoft ya ɗora burinsa a kan wannan hanya. A 2018 wata ƙungiya a Delft ta wallafa a mujallar Nature cewa ta ga alamar da ake jira. Sergey Frolov da Vincent Mourik suka nemi cikakkun bayanan awon, suka nuna ba su goyi bayan iƙirarin ba, kuma a watan Maris na 2021 aka janye takardar. Wahalar fannin duka ita ce halayen Andreev na yau da kullum, waɗanda datti da rashin daidaiton gefe ke haifarwa, suna iya sanya rigar Majorana su wuce mai gadi. Da kamfanin ya sanar da wata sabuwar na'ura mai suna Majorana 1 a watan Fabrairun 2025, masana da dama sun ce hujjar da aka nuna ba ta kai girman sanarwar ba.

Mazauna gefen halin B ba su ne ainihin abin da ake nema don kwamfutar ba, domin su suna yawo ne a shimfiɗe, waɗancan kuwa a ɗaure suke a wuri guda, a bakin waya ko a tsakiyar guguwar ruwa. Amfanin hiliyam-3 a wani wajen yake. A waya mai haɗin ƙarfe da sinadarai uku ko huɗu, idan sakamako ya saɓa, ba a san wa za a tuhuma ba: datti ne, ko mahaɗar, ko kuwa tunanin ne tun asali. A hiliyam-3 cikin tsarkakakke ne, an san auren dalla-dalla tun shekarun 1970, kuma bango kaɗai ne ke canzawa, shi ma da hannun mai gwaji, ta hanyar ƙara ko rage 'yar iska. Idan a nan ma, inda aka kawar da kowane uzuri, fuskar bango na iya sauya lissafi haka, to mai shelar cewa tofoloji zai kare na'urarsa daga lahanin kayan da aka yi ta da su yana bin mutane bashin hujja mai yawa.

Hiliyam-3 dai ya riga ya shiga kwamfutar kwantam, amma ta ƙofar baya. Na'urorin da IBM da Google ke ginawa, da wayoyin Delft su kansu, suna rataye ne a ƙasan wani irin firji da Heinz London ya kawo tunaninsa a farkon shekarun 1950, wanda ke sanyaya ta hanyar narkar da hiliyam-3 cikin hiliyam-4. Firjin kan tsaya a wajen kashi goma cikin dubu na digiri ɗaya. A wannan sanyin hiliyam-3 ruwa ne mai tirjiya kamar kowane, sai an ƙara sauka kusan ninki goma kafin ƙwayoyinsa su fara aure.